Ganga Arti: Abin da baƙo ya kamata ya sani kafin ya je kallon hidimar fitilu a bakin kogin Indiya

Kullum da faɗuwar rana, dubban mutane kan cika matakalun bakin kogin Ganga a birnin Baranasi, cikin jihar Uttar Pradesh da ke arewacin Indiya. Wasu na zaune a kan dutse, wasu na cikin jiragen ruwa da suka yi cincirindo a gaban gaɓa. Abin da ya tara su shi ne Ganga Arti, wata hidimar ibada ta mabiya addinin Hindu, inda samarin malamai ke ɗaga manyan fitilun tagulla suna juya su a gaban kogin, ana kaɗa ƙararrawa, hayaƙin turare na tashi. Hidimar ba ta cika wuce minti 45 ba, amma tana cikin abubuwan da suka fi jan baƙi a duk ƙasar.

Mutanenmu na Nijar da Kamaru da Chadi da Ghana da Sudan na zuwa Indiya domin jinya ko karatu ko sarin kaya. Idan aka samu ƴan kwanakin hutu, abokan karatu ko kamfanonin yawon buɗe ido kan sa Baranasi a cikin wuraren da za a kai su. Tambayoyi biyu ne ke tasowa a nan: shin wuta suke bauta wa? Kuma idan aka miƙo maka fitilar a cikin taro, me za ka yi? Wanda ya san ma'anar kowane motsi tun kafin ya isa, shi ke zaɓa wa kansa inda zai tsaya. Wanda bai sani ba, taro ne ke zaɓa masa.

Wutar kyauta ce, kogin ake karramawa

Duk wanda ya taso da kallon finafinan Indiya ya san wannan hoto: uwa ta ɗauko faranti da ƴar fitila a kai, tana zagaya shi a gaban fuskar ango ko ɗanta da ya dawo daga tafiya. Wannan shi ake kira arti. Kalmar ta fito ne daga Sanskrit, tsohon harshen littattafan Hindu, kuma tana da dangantaka da kalmarsu ta dare. Ana yin arti a gidaje da wuraren ibada a duk faɗin Indiya, safe da yamma, a matsayin cikamakin ibada.

A tsarin ibadar Hindu, ana tarbar abin bauta ne kamar yadda ake tarbar babban baƙo. A ba shi ruwa, a shafa masa turare, a kawo furanni da abinci, a yi masa fifita, a haska masa fitila. Wanda ya taɓa ganin yadda ake kaɗa wa sarki figini a ranar hawa zai gane manufar fifitar nan take. Saboda haka wutar da ake ɗagawa a Baranasi ɗaya ce daga cikin kyaututtukan. Wanda ake miƙa wa kyautar shi ne kogin kansa, domin mabiya Hindu na ɗaukar sa a matsayin abar bauta mace, suna kiran ta Uwa Ganga.

Kogin, wanda ake rubutawa Gange da Faransanci, yana da tsawon kilomita kusan 2,500. Yana farowa daga ƙanƙarar Gangotri a tsaunukan Himalaya, ya ratsa filayen arewacin Indiya, ya shiga Bangladesh, sannan ya faɗa tekun Bengal. Ɗaruruwan miliyoyin mutane ne ke sha da noma a yankin da yake ratsawa.

A labarin da suka gada, Ganga a sama take. Wani sarki mai suna Bagirata ya daɗe yana ibada yana roƙon ta sauko domin ta wanke tokar kakanninsa su samu tsira. Da yake ƙarfin faɗowarta zai iya farfasa ƙasa, sai Shiba, ɗaya daga cikin manyan abubuwan bautarsu, ya tare ta da gashin kansa, ya riƙa sako ta a hankali. Daga nan ne imanin ya samo tushe cewa wanka a kogin na kankare zunubi, kuma zuba tokar mamaci a cikinsa na taimakon ruhinsa.

Baranasi kuwa, da ake kuma kira Banaras ko Kashi, birnin Shiba ne a wurinsu. Sun yi imani cewa wanda ya mutu a can ya kuɓuta daga zagayen mutuwa da sake haihuwa. Shi ya sa tsofaffi ke ƙaura zuwa garin su jira ajali, kuma ake kawo gawawwaki daga nesa domin ƙonawa.

Yadda hidimar ke gudana

Gaɓar yamma ta kogin a Baranasi jere take da matakalun dutse masu gangarawa har cikin ruwa. Sunan irin wannan wuri gat, kuma sun fi 80. An gina da yawa daga cikinsu a ƙarni na 18 da kuɗin sarakunan Marata, cikinsu har da sarauniya Ahilyabai Holkar. Babbar hidimar yamma ana yin ta ne a Dashashwamed Gat, sunan da ke nufin wurin hadayar dawakai goma.

A bakin ruwa ana jera dandamalin katako, kowane da malaminsa. A babban jerin malamai bakwai ne, yawanci samari masu karatun littattafan addini, sanye da tufafin siliki iri ɗaya, suna fuskantar kogin. Ana farawa da waƙoƙin yabo ta lasifika yayin da jama'a ke taruwa. Alamar cewa an shiga hidimar gadan-gadan ita ce busa babbar katantanwar teku, mai ƙara kamar ƙaho.

Daga nan kowane malami zai riƙe ƙararrawa a hannun hagu yana kaɗawa ba tsayawa, hannun dama kuma na ɗaukar kayan ɗaya bayan ɗaya. Turaren tsinke ne farko, sai kaskon turaren wuta mai toroƙon hayaƙi. Sai babbar fitila mai hawa-hawa, mai lagwani da yawa da aka jiƙa da man shanu ko mai, wadda idan ta kama takan yi kamar bishiyar wuta. Bayanta sai wata fitilar mai siffar kan gamsheƙa, wadda ake ƙona kafur a cikinta, harshenta na tashi sama sosai. Macijin alama ce ta Shiba, wanda ake zanawa da maciji a wuya. A ƙarshe sai furanni, da mafici na gashin ɗawisu, da farar izga ta jelar yak, wata saniya mai yawan gashi da ke rayuwa a Himalaya.

Kowane abu ana juya shi ne ta hannun dama, a fuskanci kogi, sannan a juya sauran kusurwoyi uku. Malaman kan yi motsi tare kamar mutum ɗaya, abin da ke buƙatar horo da ƙarfin damtse, domin fitilun na da nauyi kuma suna da zafi. Masu bayani a cikinsu na danganta kayan da abubuwa biyar da suka ce an gina duniya da su: ƙasa, ruwa, wuta, iska da sarari. Idan an gama, a sake busa katantanwa, a watsa furanni a ruwa, jama'a su ɗaga murya da kirarin kogin da na Shiba.

Tsohon gari, sabon tsari

Baranasi na cikin birane mafi daɗewa da har yanzu mutane ke zaune a cikinsu, kuma kunna wa kogi fitila da yamma tsohuwar al'ada ce. Amma wannan babban tsari na jerin dandamali da tufafi iri ɗaya da lasifika, a shekarun 1990 ya kankama, a hannun ƙungiyoyin sa-kai irin su Ganga Seva Nidhi, waɗanda ke gudanar da shi da gudummawar jama'a.

Daga baya siyasa ta ƙara masa suna. Faraminista Narendra Modi ɗan majalisar dokoki ne mai wakiltar Baranasi tun 2014, kuma yakan kai manyan baƙinsa can. A watan Disamban 2015 ya zauna kallon hidimar tare da Shinzo Abe, faraministan Japan na lokacin. A watan Maris na 2018 ya zagaya matakalun cikin jirgin ruwa tare da shugaban Faransa Emmanuel Macron. A Disamban 2021 kuma ya buɗe wata faffaɗar hanya da ta haɗa babban wurin ibada na Kashi Bishwanat da bakin kogi, abin da ya ƙara yawan masu ziyara ƙwarai.

Wannan ne ya sa baƙo zai tarar da taro iri biyu a wuri ɗaya: masu ibada da suka yi tafiyar kwanaki, wasu hawaye na zuba, da ƴan kallo masu ɗaga waya. Babu mai tambayar addinin kowa a matakalun Dashashwamed, kuma ba a biyan kuɗin shiga.

Inda kallo ya ƙare, ibada ta fara

Hukuncin halartar irin wannan wuri abu ne da kowa zai tambayi malamin da ya amince da shi. Abin da ke da amfani a sani shi ne, a wurin mabiya Hindu kansu akwai abubuwa huɗu da ake ɗauka shiga ibada ne, kuma duk huɗun za a iya kawo wa baƙo har inda yake zaune.

Na farko, fitilar da ake zagayawa da ita bayan an gama. Mutane kan ɗora tafukan hannu a saman harshen wutar, su shafa a ido da ka, su ajiye kuɗi a farantin. A wurinsu, wutar ta ɗauko albarkar abar bautar, su kuma suna karɓa.

Na biyu, ɗigon da ake shafawa a goshi, ja ko ruwan ɗorawa, mai suna tilak. Alama ce ta cewa mutum ya karɓi albarka. Wasu na shafa wa baƙo kafin ya ankara, sannan su nemi kuɗi.

Na uku, ƴar fitilar da ake sakawa a ruwa. Yara da mata na tallar ƙaramin kwanon ganye da furanni da lagwani a ciki. Ƴan yawon buɗe ido na saye saboda kyan hoto, amma asalinta kyauta ce ga kogin tare da roƙon biyan buƙata.

Na huɗu, alewa ko ƴaƴan itacen da ake rabawa, mai suna prasad. Abinci ne da aka fara miƙa wa abin bauta kafin a raba wa jama'a.

Akwai kuma lokacin da mai lasifika ke neman kowa ya ɗaga hannu ya amsa kirari. Wanda bai ɗaga ba, babu mai kula shi.

Ƙin karɓa ba laifi ba ne, matuƙar an yi shi da ladabi. Ka ɗora hannun dama a ƙirji, ka ɗan sunkuyar da kai, ka ce "nahi, shukriya", wato a'a, na gode. Mai farantin zai wuce gaba. Abin da ke ɓata rai shi ne ture hannun mutum, ko yamutsa fuska, ko dariya, ko karɓar prasad a yar a ƙasa. Wanda ba ya son a kawo masa komai, sai ya zauna can saman matakala ko a barandar wani gidan shayi, nesa da dandamalin.

Ladubban wurin ba baƙi ba ne a wurinmu: sutura mai rufe jiki, cire takalmi idan an matso kusa da dandamali, miƙa abu da hannun dama, da rashin miƙe ƙafa wajen da ake ibada. An yarda a ɗauki hoton hidimar. Amma a Manikarnika da Harishchandra, wuraren da ake ƙona gawawwaki dare da rana, a mayar da waya aljihu. Masu makoki ne a wurin. A can ne kuma wasu ke tare baƙi da sunan neman kuɗin itacen ƙona gawar talakawa, sai a yi hattara.

Zuwa wurin da zaɓen mazauni

A tikiti da allunan tasha, sunan garin Varanasi ake rubutawa. Daga Delhi tafiyar kusan kilomita 800 ce: awa takwas a jirgin ƙasa mai sauri na Vande Bharat, ko kimanin awa ɗaya da rabi a jirgin sama. Filin jirgin na da nisan kilomita kusan 25 daga tsakiyar gari. Mota da babur mai ƙafa uku kan tsaya a wajen mahaɗar Godoliya, daga nan sai a taka cikin kasuwa mai cunkoso har bakin ruwa.

Ana farawa wajen ƙarfe 6 na yamma a lokacin sanyi, wajen ƙarfe 7 a lokacin zafi. Mai son wuri mai kyau ya isa da awa guda kafin lokaci. Daga kan matakala an fi jin kiɗa da ƙamshin turare, amma akwai matsi. Daga cikin jirgin ruwa an fi ganin jerin malaman gaba ɗaya, sai dai a gama ciniki da mai jirgi kafin a sa ƙafa, a kuma tabbatar ko kuɗin na mutum ɗaya ne ko na jirgin duka, a nemi rigar kariya daga nutsewa.

Daga Oktoba zuwa Maris ne lokacin da ya fi daɗi, ko da yake a Disamba da Janairu hazo na jinkirta jirage. Daga Afrilu zuwa Yuni zafi kan haura digiri 40. Da damina, tsakanin Yuli da Satumba, kogin kan cika ya shanye matakalun, sai a mayar da hidimar kan soro, a kuma dakatar da jiragen ruwa. Ranar da ta fi kowace cika ita ce Deb Dipawali, kwana 15 bayan bikin Diwali, lokacin da ake jera ƙananan fitilun kasko a matakalun gaba ɗaya.

Za a ga jami'an tsaro da yawa, kuma da dalili. A ranar 7 ga Disamban 2010 wani bam ya tashi a Shitla Gat, dab da Dashashwamed, ana tsakiyar hidimar. An rasa rai, mutane da dama kuma sun jikkata, wasu a turmutsitsin da ya biyo baya. Yana da kyau mutum ya lura da hanyar fita tun da ya zauna, ya bar taro ya rage kafin ya tashi. Baƙar fata kan ja idon mutane a nan, wasu ma su nemi ɗaukar hoto da kai. Kana da damar ƙi.

Magariba a Baranasi

Lokacin hidimar na haɗuwa da na sallar magariba, don haka musulmi na buƙatar shiri. Bisa ƙidayar 2011, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mazauna birnin musulmi ne, kuma su ne mafi yawan masaƙan shahararren sarin siliki na Banaras. Unguwar Madanpura, wadda ake iya zuwa da ƙafa daga Godoliya, na da masallatai da gidajen abincin halal. A wannan gari ne Ustaz Bismillah Khan ya rayu, musulmin da ya shahara da busa shehnai, wadda ta yi kama da algaita. Ya samu lambar girma mafi daraja ta ƙasar a 2001, ya rasu a 2006.

Sai dai zaman na da wuraren ciwo. Masallacin Gyanbapi, wanda aka gina a zamanin sarki Aurangzeb a ƙarni na 17, na manne da wurin ibadar Kashi Bishwanat, kuma ana shari'a a kansa a kotu. Ba wurin da baƙo zai tsaya muhawara ko ɗaukar hoto ba ne. Haka kuma an sha samun rikici har da kama mutane a jihar Uttar Pradesh a kan yin salla a bainar jama'a. A yi salla a masallaci ko a masauki, kada a shimfiɗa darduma a kan matakala.

Haridwar da Rishikesh

Ana yin irin wannan hidima a wasu garuruwan da ke gaba can wajen mafarin kogin, a jihar Uttarakhand. A Haridwar, kilomita 200 da ƴan kai daga Delhi, ana yin ta a Har ki Pauri ƙarƙashin ƙungiyar Ganga Sabha da aka kafa a 1916. Nan masu ibada sun fi ƴan kallo yawa nesa ba kusa ba, kuma akwai tsohuwar dokar ma'aikatar magajin gari da ta taƙaita shigar waɗanda ba Hindu ba wannan wuri. Wanda ba Hindu ba ya yi tambaya a masaukinsa kafin ya nufi can, ya kuma bi abin da aka rubuta a alluna.

A Rishikesh, kilomita kusan 25 daga Haridwar, hidimar cibiyar Parmarth Niketan ta fi natsuwa, ɗalibai ne ke jan waƙoƙin, kuma baƙi daga ƙasashen waje na da yawa. Sai dai a nan an fi jawo baƙo ciki, har a miƙa masa fitila ya juya da kansa. A garuruwan biyu an hana sayar da nama da giya a kewayen wuraren ibada.

Ruwan da ake karramawa

Baƙo zai lura da wani abu da Indiyawa kansu ke kuka da shi: kogin da ake yi wa wannan hidima na cikin kogunan da suka fi gurɓata. Ƙazantar birane da ruwan masana'antu, kamar majemun fata na Kanpur da ke gaba da Baranasi, na kwarara a cikinsa. Gwamnatin Rajiv Gandhi ta ƙaddamar da shirin tsabtace shi a 1986. Gwamnatin Modi ta fito da wani mai suna Namami Gange a 2014, aka ware masa rupi miliyar 200. A watan Maris na 2017 babbar kotun Uttarakhand ta ba kogin matsayin mutum a gaban doka, kafin kotun ƙoli ta dakatar da hukuncin a watan Yuli na shekarar.

Ga mai ibada, tsarkin Ganga daban, tsabtar ruwan daban, shi ya sa za ka ga mutum na kurɓa da hannu. Ga baƙo kuwa, musamman wanda ya zo jinya ko aka yi wa tiyata, shawarar a fili take: kada ya sha, kada ya bari ruwan ya taɓa rauni, kuma ya tambayi likitansa kafin ya shiga cunkoso da hayaƙi. Idan likita ya amince, jirgin ruwa ko baranda sun fi masa matakala.